Kaset Uku na Inna Ajuma

Litinin, 7 ga Oktoba 2024, ƙarfe goma da rabi na safe

Na sayi wannan kaye, littafin rubutu, a hanyar biro, wato ofishinmu, saboda ba na son in rubuta abin nan cikin ordinatar, kwamfutar aiki. In wata rana aka tambaye ni yadda ya fara, ga shi.

Shafinmu na intanet, Muryoyin Bakin Kogi, shekararsa biyar. Waƙoƙi ne da labarai da Baba, Mushe Idi kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, Allah ya jiƙansa, ya yi ta ɗauka da rakodarsa a ƙauyukan bakin ruwa tun ina goye. Kaset ɗari huɗu da ƴan kai. Ni da Yaya Sumana, tsohon ɗalibin Baba, muka juye su ɗaya bayan ɗaya. Shi ke gyaran sauti, ni ke amsa saƙonni, har da na ƙorafi. Bara wani bawan Allah daga Bengu ya rubuto cewa a waƙar bikinsa an kama sunan matar da suka rabu, yana roƙo a cire. Kafin azahar na cire. Haka muka rubuta a ƙasan shafin: wanda abu ya shafa, in ya ce a sauke, za a sauke.

Na yau daban ne. Bai biyo ta wurina ba. An kai shi can Turai, wurin kamfanin da ke ɗauke da shafinmu, su suka turo mini. Wai wani kamfani mai suna Dallol Diski ya ce waƙar Inna Ajuma ta Tunuga mallakarsa ce, mun sa ba da izini ba. An ba ni zaɓi biyu. Ko in sauke, ko in aika takardar ƙin yarda mai ɗauke da cikakken sunana da inda nake zaune, su miƙa wa mai ƙorafin. Kuma in ƙorafi uku suka tsaya a kanmu ban sauke ba, za su rufe shafin gaba ɗaya.

Inna Ajuma ko kaset na kasuwa ba ta taɓa yi ba. A ƙofar gidanta Baba ya ɗauke ta, ana jin awaki a baya.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Na nemi Dallol Diski ko'ina. Akwatin gidan waya ne kawai a Yamai da lambar salula da ba ta shiga. Babu mawaƙi ko ɗaya da aka ce nasu ne.

Na nuna wa Yaya Sumana. Ya karanta sau biyu, ya cire gilashinsa ya goge, ya ce, "Mariama, ki bi a hankali."

Na ce, "Da me zan bi a hankali, Yaya? Ƙarya ce fa."

Ya ce, "Na san ƙarya ce." Ya mayar da abin sauraronsa a kunne.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya

Na biyu ya zo. Inna Ajuma kuma.

Sai yau na lura da abin da ya kamata in gani tun Litinin. A takardar farko sun rubuta "lamba 114". A ta yau, "lamba 115". Waɗannan lambobi ba su kan shafi. Mai saurare yana ganin sunan waƙa, sunan mai waƙa da garinsu, shi ke nan. Lambobin Baba ne, da jan biro ya rubuta su a jikin kaset. Wuri biyu kaɗai ake iya ganinsu: a rajistar da ke cikin durowar biro, da kuma a jikin kaset ɗin kansu, da ke cikin akwatin ƙarfe na Baba a ɗakina.

Durowar biro makulli biyu gare ta. Ɗaya a jakata. Ɗaya wurin Yaya Sumana.

Juma'a, 11 ga Oktoba, azahar

Makulli biyu.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da hantsi

Yau a gida nake, ba kuran na lantarki, ba rezon intanet, na huta da su.

Baban Jamila, mijina Hamani, ya nemi in goge masa farar rigarsa. Rabon da ya nemi guga tun da aka toshe gadar kan iyaka. Wata goma sha huɗu ke nan mutumin da a da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ke layi a ƙofarsa don ya cika musu takardun tiranzit na haye iyaka da kaya yana zaune ƙarƙashin dalbejiya yana kallon hanya. Yanzu kaya a kwale-kwale suke haye kogi, kwale-kwale kuwa ba ya neman takarda. Ya ce ya ɗan samu abin yi, rubuce-rubuce ne wurin wani. Na ce alhamdu lillahi. Ya ci abinci sosai, har ya ɗauki Jamila a wuya suka zagaya tsakar gida.

Na ji daɗin ganinsa haka. Ina so in rubuta cewa na ji daɗi.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na uku. Lamba 131. Kamfanin Turai sun haɗa ukun wuri ɗaya, sun ba ni zuwa Litinin 28 ga wata.

Na rufe ƙofa na saurari ukun a jere. Da Dandanci ta yi su, Dandancina kuwa ba mai zurfi ba ne amma ya isa. Waƙa ɗaya ce, ta yi ta sau uku a shekaru daban. Inna Ajuma na da waƙoƙi goma sha tara a shafinmu, na biki, na suna, na daka, na masunta. Ba wanda ya taɓa su. Wannan kaɗai ake so: waƙar Fadamar Tondi, inda take jero gidajen da suka fara sare fadamar, wane ɗan wane, daga tsamiya zuwa bakin tsohon rafi gonar su wane, daga can zuwa dutse ta su wane. Gida goma sha ɗaya na ƙirga.

Sai na tuna. A watan jiya wani dattijo ya kira ni daga Tunuga yana tambayar yadda za su kunna waƙar nan a salula a gaban mutane, wai akwai zama da za a yi kan fadamar a farkon Nuwamba. Kowa a nan Gaya ya ji cewa wani na son fadamar don shinkafa da injin ban ruwa. Kowa ya san farar motarsa da irin mutanen da yake zama da su yanzu. Ba zan rubuta sunansa ba, ko a nan.

Na gaya wa Yaya Sumana duka. Na ɗauka zai tashi tsaye. Sai ya ce, "Ki sauke su kawai."

Na ce, "Kai ke faɗin haka? Kai da ka kwana uku kana cire ƙarar iska daga 131?"

Ya ce, "Uku ne cikin ɗari huɗu. Kina da ɗiya ƙarama. Ki sauke, kada ki tona."

Kada in tona me? Me ya sani da ake tonawa?

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Na canja kod ɗin shiga shafi da na akwatin mel. Ban gaya wa Yaya Sumana ba. Da ya zo ya gwada shiga sau biyu, ya juyo ya kalle ni. Na ce rezo ne. Ya ce to. Ya zauna yana gyaran wata tsohuwar waya har azahar, bai sake tambaya ba.

Mai gaskiya ai zai tambaya. Ko kuwa mai gaskiya ne ba zai tambaya ba? Na juya shi ta kowane gefe.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Ina kan kabu-kabu zan wuce tasha na hango Yaya Sumana tsaye da direban farar motar. Direban na magana, shi yana kallon ƙasa. Na ce wa mai babur ya rage gudu. Ban ga an miƙa komai ba. Amma ba a daɗe haka ana gaisuwa.

Shekara talatin yana shiga gidanmu. Shi ya wanke Baba. Ranar aurena shi ya tsaya a matsayin wana, don ba ni da wa.

Makulli biyu.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe uku

Na yi. Da ma ban yi a yau ba, ranar Juma'a, yana dawowa daga masallaci da carbi a hannu, amma na yi.

Na ce, "Yaya Sumana, wa ya ba su lambobin Baba?"

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Ni kike tambaya, ko ni kike gaya wa?"

Na ce, "Rajista na cikin durowa. Ni da kai ke da makulli. Jiya na gan ka da direbansa."

Ya ce, "Ɗan ƙanwar matata ne. Mahaifiyarsa na kwance a Doso."

Na ce, "To lambobin fa?"

Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu. Na ga maganar ta zo har leɓensa. Sai ya haɗiye. Ya zaro makullin biro da na durowa daga zoben makullansa, a hankali, farcensa na ta zamewa, ya ajiye su kan tebur kusa da hannuna. Ya ce, "Allah ya rufa asiri, ƙanwata." Ya ɗauki abin sauraronsa da butarsa ya fita.

Bai musa ba. Ina ta gaya wa kaina cewa bai musa ba.

Na kwashe rajistar na sa a jakata.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu

Na aika takardar ƙin yarda. Na rubuta cewa mahaifina ne ya ɗauki sautin da yardar mai waƙa, cewa Dallol Diski su kawo shaidar mallaka. Na sa sunana, unguwarmu, lambar salulata. Hannuna ya tsaya kan maɓallin kusan minti biyar kafin na danna.

Ban daɗe da aikawa ba wasu mutum biyu suka shigo, kayan gida a jikinsu amma takalmansu iri ɗaya. Wai fotokopi suke so. Na ce nan ba a yin fotokopi, su gangara gaban kantin magani. Ɗaya ya ce, "A'a, ashe nan ne gidan waƙoƙi. Madam, ke kaɗai ce yau?" Ɗayan yana karanta abin da ke manne a bango kamar zai hardace. Suka yi sallama da fara'a.

Wataƙila fotokopin suke so da gaske. Yanzu ko mai tallar goro in ya leƙo sai in ga kamar ƙirga kujeru yake.

Talata, 22 ga Oktoba, magariba

Baban Jamila ya tambaye ni ko na amsa wa mutanen nan. Na ce na amsa. Ya ajiye cokali ya ce, "Da sunanki?" Na ce dole ne da suna. Ya tashi ya fita alwala, alhali da alwalarsa.

Ban tuna na gaya masa cewa ana jiran amsa daga wurina ba. Wataƙila na gaya masa. Kwanakin nan ina magana ban san na yi ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe goma

Sun kawo shaidarsu. Hoton takarda ce da Faransanci, wai Ajuma ta Tunuga ta miƙa wa Dallol Diski dukan haƙƙin waƙar Fadamar Tondi. A ƙasa dangwalen yatsa, baƙi ƙirin, da sa hannun ɗanta Siddo a matsayin shaida.

Abu biyu.

Na ɗaya, wasiƙar da ta rako takardar tana kiran waƙoƙin da kalmar "lot". Kashi na ɗaya, kashi na biyu, kashi na uku, kamar buhunan shinkafa a bayan kamiyo. Mai harkar waƙa ba ya rubuta haka.

Na biyu, sun sa ranar da aka ɗauki kowane kaset. 114, ranar 9 ga Maris 1986. Na buɗe rajista. Shekara kaɗai ke ciki, babu rana, babu wata. Baba a cikin murfin kaset yake rubuta rana, ta ciki, sai ka buɗe ka zaro takardar.

Rajistar kuma tun Juma'a tana jakata.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Gaya cike take da ƴan tiranzit marasa aiki. Cike take. Ba mutum ɗaya ba ne ya iya rubuta wannan kalma.

Alhamis, la'asar

Ban buɗe akwatin ba. Ina da wanki da yawa.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan magariba

Na je Tunuga. Na bar Jamila wurin Gwaggo Aisata, ƙanwar Baba, na ce wa Baban Jamila gaisuwar rashin lafiya za ni. Ruwan bana ya cinye hanya a wurare, sau biyu muka sauka muka tura babur.

Inna Ajuma na zaune a zaure tana gyaran busasshen kifi. Idonta ya yi rauni amma da na yi sallama ta ce, "Wannan muryar gidan Mushe ce." Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana cusa Dandanci, muka fahimci juna. Ta sa aka kawo mini ruwa da fura, ta tambayi kowa har da waɗanda suka rasu.

Na ce, "Inna, an kawo mini takarda da yatsanki, wai kin sayar da waƙar Tondi."

Ta ci gaba da ɓare kifi. Ta ce, "Yatsana ne."

Na ce, "An karanta miki abin da ke ciki?"

Ta ce, "An karanta. Ni ba yarinya ba ce, ɗiyata. Na san abin da na dangwala."

Na zo da shirin in ji an yaudare ta. Har na shirya yadda zan ɗauki muryarta a salula tana cewa ƙarya ne, in aika Turai. 

Siddo ya shigo a lokacin, dogon mutum, masunci, ya tsuguna nesa da mu. Ya gaishe ni bai ɗago ba. Na lura yana ɗaga kwanon ruwa da hannun hagu, na dama na kwance a cinyarsa. Inna ta ce cikin watan jiya an tare shi a kan ruwa, aka ce jirginsa na ɗauke da abin da bai ɗauka ba. Kwana huɗu ba su san inda yake ba. A rana ta biyar aka zo da takarda da tawada. Da yamma ya dawo gida, jirgin ma aka mayar masa.

Na ce, "Su wa?"

Siddo ya ce, "Madam, ki sha furarki."

Na ce wa Inna in ta yarda zan iya ƙin saukewa. Gida goma sha ɗaya ke dogara da waƙar nan, zama saura kwana goma sha ɗaya. Ta ajiye kifin da ke hannunta. Sannan ta ce, "Kunna mini in ji."

Na kunna 114. Muryarta ta shekara talatin da takwas baya ta cika zauren, siririya, mai ƙarfi. Leɓenta na bi. Da aka zo sunan mijinta ta ɗaga hannu, na tsayar.

Ta ce, "Ubanki ya tambaye ni kafin ya ɗauka, na ce ɗauki. Yau ke kin zo kin tambaye ni. To ki sauke. Ɗa ɗaya ya rage mini. Su gida goma sha ɗayan sun san gonakinsu, suna da bakuna, su faɗa."

Na ce, "Inna, in babu waƙar ba za a saurare su ba."

Ta ce, "Na sani. Muryar wa ce?"

Na ce, "Taki ce."

Ta ce, "To."

Da zan tafi ta cika mini leda da kifi. 

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan azahar

Na buɗe akwatin.

Baba a jere yake ajiye su, goma-goma, bayansu sama, ni ma haka na bar su. 114 da 115 suna kife. 131 na cikin layin ɗari biyu. Takardar cikin murfinta an mayar da ita a juye.

Makullin akwatin na cikin kwanon da ke saman kabad. A farkon watan jiya an tambaye ni shi, wai ana neman takardar haihuwar Jamila. Na tuna wannan tun ranar goma ga wata. Tun ranar nake tune da shi. Na rubuta "makulli biyu" sau biyu a kayen nan alhali na san akwai na uku.

Baban Jamila na zaune ƙarƙashin dalbejiya. Na kai masa kaset ukun na ajiye kan tabarma gabansa. Ya kalle su. Ya aiki Jamila gidan maƙwabta.

Ya ce, "Zauna, Maman Jamila."

Na ce, "A tsaye zan ji."

Ya ce an kira shi ne don ya iya tsara wasiƙa. Da farko bai san shafina ba ne, da ya gane ya so ya janye. Sai aka ce masa abin hanya biyu ne: ko a sauke waƙar da takarda, cikin mutunci, ko a zo biro a ɗauki ordinatar da mai ita. Ya ce, "Na zaɓi takarda. Na ɗauka za ki ga wasiƙar Turai ki sauke a rana ɗaya, kamar yadda kika saba. Wa ya ce ki sa sunanki?"

Na ce, "Siddo fa? Ka ga hannunsa?"

Ya ce, "Wallahi ban san da wannan ba sai bayan an yi."

Na ce, "Amma ka rubuta wasiƙar da ta raka takardar. Bayan ka sani."



Na ce, "Kana kallo na kori Yaya Sumana. Na dawo gida ranar ina kuka, ka ce in yi haƙuri, mutane sai a hankali."

Ya ce, "Me kike so in ce a lokacin?"

Ban sani ba ko an yi masa barazanar nan da gaske, ko a hanya ya tsara ta don ranar da zan gane. Ya rantse. Fuskarsa ta mai gaskiya ce. Amma da wannan fuskar ya nemi makullin akwati.

Litinin, 28 ga Oktoba, ƙarfe tara da kwata

Na sauke 114, 115, 131.

Na rubuta wa kamfanin Turai cewa ban yarda Dallol Diski na da haƙƙin komai ba, na sauke ne bisa roƙon mai waƙar da bakinta. Sun amsa cikin minti biyu, amsar inji, suna godiya da haɗin kai, an rufe dosiyen ƙorafin.

A gurbin waƙar shafi na tambaya me za a nuna wa mai nema. Na rubuta: an sauke bisa buƙatar mai waƙa. Na goge. Na sake rubutawa. Gaskiya ce ai, ba ƙarya a ciki. Na bar shi.

Dattijon Tunuga ya kira sau uku. A na huɗu na ɗauka. Ya ce, "Ɗiyar Mushe, ba ta buɗewa." Na ce Inna Ajuma ce ta ce a sauke. Ya ce, "To ki turo mana a salula, ba wanda zai sani." Na ce za a sani, kuma ba a ƙofata za a fara tsayawa ba. Ya ce, "Ubanki ba zai yi haka ba." Ya kashe.

Ban san abin da Baba zai yi ba. A zamaninsa ma sojoji ne ke mulki.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da rana

Na sa an ɗauki akwatin a amalanke zuwa gidan Gwaggo Aisata. Ta ce lafiya? Na ce ɗakina na yoyo. Ta kalli sama, watan da ba hadari, ta ce a sa shi ƙarƙashin gadonta.

Baban Jamila ya ga gurbin akwatin, ya wuce. Muna gaisawa. Ina zuba masa abinci. Farar rigar na rataye, kwana uku bai fita da ita ba, da alama an gama da shi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, la'asar

Baban Jamila ya ce in yafe masa. Na ce na ji.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya

An yi zaman jiya. Mai kawo kifi kasuwa ce ta ba ni labari. Dattawan sun jero gonakinsu da baki, aka ce su kawo abin da ke rubuce ko ɗauke. Wani ya ce akwai waƙa, aka ce a kunna, aka buɗe shafina a gaban kowa, aka karanta abin da na rubuta da ƙarfi. Daga tsamiya zuwa tsohon rafi an ba mai farar mota. Gida huɗu na wajen dutse sun tsira da nasu. An ce a bar mutane su yanke shinkafar bana, bayan nan a kafa turakun siminti.

Siddo na kan ruwa, lafiya lau. Na tambaya.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Na je gidan Yaya Sumana da safe, matarsa ta ce ya tafi tasha, ya samu aiki a wani gidan rediyo a Doso, su za su bi shi ƙarshen wata. Ba ta ce in shigo ba.

Na same shi a benci yana jiran mota ta cika, jakarsa tsakanin ƙafafunsa. Na durƙusa a gabansa cikin mutane. Ya ce, "Subhanallahi, tashi, Mariama, ana kallo." Na ce ba zan tashi ba sai ya ji. Na ce na zalunce shi, na san wanda ya ba da lambobin.

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun wasiƙar farko. Shekara nawa yana kawo mini takardunsa in buga masa a inji? Na san yadda yake buɗe wasiƙa da yadda yake rufe ta."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba, Yaya? Na tsaya a gabanka na kira ka maci amana."

Ya ce, "In na faɗa, a ranar za ki zaɓa tsakanina da uban ɗiyarki. In kin yarda da ni, gidanki ya mutu a bakina. In ba ki yarda ba, na zama mai raba aure. Na ga gara ki yi fushi da ni, ni ina da inda zan tafi."

Na miƙa masa makullan biro. Ya rufe hannuna a kansu ya tura mini. Ya ce ya yafe tun ranar, amma ba zai iya sake zama a ɗakin nan yana jin ina buga kod a ɓoye ba. Ya ce in kaset ya lalace in aika masa Doso, zai gyara. Ya ce in riƙa shafa wa injin juyawa mai duk wata biyu, bel ɗinsa ya tsufa.

Kamasho ya kira mutum ɗaya da ya rage. Ya ɗauki jakarsa. A bakin mota ya juyo ya ce, "Me za ki yi da mijinki?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Kada ki yanke da sauri. Kin ga yadda kika yi da ni."

Na tsaya har motar ta sha kwana. Daga nan ban iya komawa gida ba, na zo biro. Akwai sabon saƙo ɗaya a akwatin ƙorafi, daga wata mata a Karakara, tana cewa an rubuta sunan kakarta ba daidai ba a ƙarƙashin wata waƙar daka. Na karanta shi sau huɗu ina neman abin da ke bayansa. Na kira lambar da ta bari. Ta ɗauka, ana jin turmi a kusa da ita. Sunan kawai take so a gyara. Fatuma, ba Fati ba.

Na gyara.